Zuwa Jamus Sanin Makamar Aiki: Tambayoyin Da Ɗalibai Suka Fi Yi Mini

Tun dawowata daga horon sanin makamar aiki a Jamus, ƙannenmu ɗalibai ba su daina aiko mini da tambayoyi ba. Idan ka zube su ka duba, kusan hanya ɗaya suke bi: takardu, kuɗi, ɗaki, ofis, sai yawon buɗe ido. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne wannan tafiya ta aiki ce. Yawo yana biyo baya, kuma ba ya daɗi sai takardun mutum sun zauna daidai. Kuɗaɗen hukuma da farashin tikiti sukan sauya, don haka na sa shekara a gefen waɗanda suka fi saurin canzawa.

Yaya, ta ina ake fara neman gurbi?

Ta ofishin jami'arku mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, kafin ka je ko'ina. Ɗalibai da yawa suna wuce ƙofar wannan ofis har su gama karatu ba su taɓa leƙawa ba, alhali can ake sanin yarjejeniyoyin da makaranta ta ƙulla da wasu jami'o'i. Bayan shi sai malaman sashenku, musamman waɗanda suka yi karatu a waje. Wasiƙa ɗaya daga malami zuwa tsohon abokin bincikensa takan buɗe ƙofar da tarin takardun neman aiki ta intanet ba su buɗe ba.

Akwai kuma ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar. IAESTE, wadda aka kafa a 1948 a Kwalejin Imperial da ke Landan, tana musayar ɗaliban kimiyya da injiniya tsakanin ƙasashe, kuma gurabenta na biya ne. AIESEC ma a 1948 aka kafa ta, ita ta fi karkata ga kasuwanci da aikin sa kai. Hukumar DAAD ta Jamus, mai kula da musayar ɗalibai da malaman jami'a, wadda hedikwatarta ke Bon, tana da tsare-tsaren tallafi iri-iri, amma kowanne da ƙasashen da ya shafa. Shirinta na RISE Germany, alal misali, na ɗaliban jami'o'in Amurka, Kanada, Birtaniya da Ayalan ne. Erasmus+ na Tarayyar Turai yana tallafa wa horo na wata 2 zuwa 12, ta hannun jami'ar ɗalibi idan tana cikin shirin. Ka karanta sharuɗɗan cancanta kafin ka kashe mako guda kana cike fom.

Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi zai haɗa maka gurbi da biza a tare, ka rabu da shi. Biza ofishin jakadanci ne ke bayar da ita, ba dillali ba.

Wace irin biza zan nema?

Ga wanda ƙasarsa ke buƙatar biza, tsawon zaman ne ke raba gardama. Idan bai wuce kwana 90 ba, ta gajeren zama ce, wadda ake kira bizar Shengen. Kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Idan zaman ya zarce kwana 90, sai bizar ƙasa ta dogon zama mai alamar D, wadda kuɗinta Yuro 75 ne. Fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar ƙasar.

Ga inda mutane ke yin sakaci. A mafi yawan lokuta dokar Jamus tana ɗaukar horo a matsayin aiki, ko da ba a biyanka ko sisi. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka izinin zama a teburin kamfani ba. Wasu nau'o'in horon ma sai Hukumar Samar da Aiki ta Tarayya ta amince, kuma yawanci kamfanin ko ƙungiyar da ta gayyace ka ce ke nemo wannan takarda. Ka tambaye su kai tsaye ko sun nema, kada ka ɗauka sun yi. Samun ranar ganawa a ofishin jakadanci kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, saboda haka ranar da takardar ɗaukarka ta iso, ranar za ka fara neman layi.

Ana biyan ɗalibi kuwa? Kuɗin zai isa?

Jamus ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi a 2015 da Yuro 8.50 a awa ɗaya. Ya kai Yuro 12.82 a 2025, ya koma 13.90 daga Janairun 2026. Sai dai dokar ba ta rufe kowane ɗalibi ba. Idan horon wajibi ne a manhajar karatunka, ko kuwa na ganin dama ne da bai wuce wata 3 ba, ba a tilasta wa kamfani biyan wannan adadi ba. Na ganin dama da ya zarce wata 3 shi ne ya shiga ƙarƙashinta. Manyan kamfanoni kan biya ko da ba dole, ƙananan ƙungiyoyi kuwa kan ba da ɗan alawus, wasu ma ba komai. Ka tabbata adadin yana rubuce a yarjejeniyar da ka sa wa hannu.

Isarsa kuwa ya danganta da gari. Abin da zai riƙe ka hankali kwance a Leipzig, haya kaɗai za ta iya cinye rabinsa ko fiye a Miyunik. Amma babban tarkon shi ne watan farko. Haya a farkon wata ake biyan ta, albashi kuma sai ƙarshen wata yake shigowa. Tsakanin saukarka da albashin farko za ka biya haya, kuɗin ajiyar ɗaki, tikiti, layin waya da abinci, duk daga aljihunka. Wanda bai zo da guzirin wannan gibi ba, shi ne ke fara horo da bashi a wuya.

Yaya ake samun ɗaki tun ina gida, ba tare da an damfare ni ba?

Ka fara tambayar wurin da za ka yi horon. Cibiyoyin bincike da yawa suna da gidan baƙi, wasu kamfanonin kuma suna da jerin masu gidajen da suka saba ba wa ɗalibansu haya. Idan babu, hanyar da matasan Jamus suka fi bi ita ce gidan haɗaka, wanda suke kira WG: kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa da kowa. Ɗalibin da zai yi tafiya na 'yan watanni yakan ba da ɗakinsa haya da gado da tebur da komai, kuma wannan shi ya fi dacewa da mai horo. Shafin WG-Gesucht na cikin wuraren da aka fi tallata irin waɗannan ɗakuna.

Ka lura da farashi biyu da ake rubutawa. Akwai haya tsura, akwai haya haɗe da ruwa da ɗumama ɗaki da kwashe shara. Na biyun ne abin da zai fita daga aljihunka, kuma ko shi wani lokaci bai haɗa da lantarki da intanet ba. Kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa, doka ta ce kada ya wuce haya tsura ta wata 3, kuma kana da damar biyan sa kashi uku.

Labarin 'yan damfara kusan ɗaya ne kullum: ɗaki mai kyau a tsakiyar gari da araha, mai gidan wai yana wata ƙasa, ka turo kuɗi zai aiko maka da makulli. Kada ka tura ko Yuro ɗaya kafin ka ga ɗakin ta kiran bidiyo kai tsaye, ko wani da ka yarda da shi ya je ya gani da ido. Hoton fasfo ɗinka ma kada ka riƙa watsa shi ga duk wanda ya nema. Sannan tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: za a iya yin rajistar adireshi da wannan ɗaki? Idan aka ce a'a, akwai lauje cikin naɗi.

Mece ce wannan rajistar adireshi da ake ta magana a kai?

Sunanta Anmeldung, kuma za ka ji kalmar har ta zauna maka a kunne. Wanda ya tare a gida a Jamus yana da mako 2 ya je ofishin rajistar mazauna gari ya shaida musu inda yake. Baƙon da mazauninsa ke waje kuma zamansa ba zai wuce wata 3 ba, ba dole ne ya yi ba. Ana zuwa da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai ka tare. A manyan birane samun ranar ganawa yana da wuya, don haka a riƙa duba shafinsu da sassafe, lokacin da sababbin gurabe kan fito.

Bayan rajistar za a aiko maka ta gidan waya da lambar haraji mai lambobi 11, wadda ofishin albashi zai nema. Bankuna da yawa ma sai da takardar rajistar suke buɗe asusu. A nan akwai wani ƙaramin abu mai babban tasiri. A gidaje da yawa na Jamus ba a sa wa ƙofofi lamba, suna ne a jikin ƙararrawa da akwatin wasiƙa. Idan mai raba wasiƙu ya zo bai ga sunanka ba, ya koma da ita. Ranar da ka tare, ka yanki 'yar takarda, ka rubuta sunanka na ƙarshe yadda yake a fasfo, ka manna da salatif a ƙarƙashin sunayen abokan zamanka. Katin banki, lambar sirrinsa, takardar inshora, duk ta wannan akwati za su iso.

Wata wasiƙa kuma za ta zo tana neman kuɗin kafofin watsa labarai na gwamnati, Yuro 18.36 a wata. Gida ake cajin sa, ba kan mutum ba. Idan wani a gidan yana biya, ka karɓi lambarsa ka mayar musu da amsa, sannan ku raba kuɗin a tsakaninku.

Yaya zaman ofis yake? Ina tsoron in yi abin kunya a ranar farko.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba wanda ke tsammanin mai koyo ya zo da sani. Abin da suke dubawa kaɗan ne, amma suna duba shi da gaske. Na farko lokaci. Taron ƙarfe 9 yana farawa ƙarfe 9 daidai, kuma idan jirgi ya tsayar da ke, saƙo ɗaya kafin lokacin ya wadatar. Na biyu cika alkawari. Idan kin ce za ki miƙa rahoto ranar Alhamis, an rubuta Alhamis. Idan tun Talata kin ga ba zai yiwu ba, ki faɗa ranar Talatar. Ba za a ga laifinki ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne shiru har ranar ta zo.

Jamusanci yana da hanyar magana ta girmamawa, Sie, da ta sabo, du. Ki fara da ta girmamawa tare da sunan mutum na ƙarshe, har sai babba ya ce a sauko. A ƙananan kamfanonin fasaha da ɗakunan bincike sau da yawa tun ranar farko ake kiran juna da sunan yanka, har shugaban sashe.

Gyaran da za a yi wa aikinki zai zo ba kwana-kwana. Mai kula da ke zai iya ɗaukar jadawalin da kika kwana a kai ya ce layi na uku kuskure ne, a sake, ba tare da ya fara da yabo ba. Sabon zuwa yakan ɗauka tsana ce. Ba ita ba ce, aikin ake magana a kai, kuma mutumin nan shi zai kira ki cin abincin rana bayan awa ɗaya. Ni kam na ƙaunaci wannan hali, domin mutum yakan san inda ya tsaya. Haka nan idan ba ki gane umarni ba, ki tambaya nan take, ki rubuta amsar a ɗan littafi. Matambayi ba ya ɓata. Gyaɗa kai a kan abin da ba a fahimta ba shi ke jawo a yi aikin mako guda a banza.

Dokar lokacin aiki ta shafe ki kamar kowa: awa 8 a rana, ana iya kai wa 10 bisa sharaɗi, kuma wanda ya yi aiki fiye da awa 6 dole ya huta minti 30. Idan an tashi an tashi, ba a cika kiran mutum da dare kan aiki ba. Wasu ƙananan al'adu kuma za su ba ki mamaki. Wanda ake bikin ranar haihuwarsa shi ke kawo kek ofis, haka sabon ma'aikaci da mai barin aiki. A jami'a kuwa, idan kika gama gabatar da bincikenki, ba tafi za ki ji ba. Za ki ga kowa ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa tebur. Yabo ne.

Sai na iya Jamusanci?

A ɗakunan bincike da kamfanonin ƙasa da ƙasa Turanci yakan wadatar wajen aiki. Amma wasiƙun hukuma, sanarwar tasha, takardar haya da hirar lokacin shan kofi duk da Jamusanci suke. Gaisuwa, ƙirga, neman afuwa da "don Allah a maimaita a hankali" sun isa su canza yadda ake karɓar ka. Kusan kowane gari yana da makarantar koyar da manya ta gwamnati, Volkshochschule, mai darussan yamma da sauƙin kuɗi.

Yaya ake zirga-zirga? An ce akwai tikiti ɗaya na ƙasa baki ɗaya.

Akwai, sunansa Deutschlandticket. Ya fara a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a Janairun 2025, sannan 63 a Janairun 2026. Da shi za ka hau bas, taragon cikin gari, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen ƙasa na yanki a duk faɗin ƙasar. Ba ya aiki a jiragen dogon zango masu alamar ICE, IC ko EC. Kuma yana sabunta kansa duk wata: idan ba ka soke shi zuwa ranar 10 ga wata ba, za a cire maka kuɗin wata mai zuwa. Ka tambayi kamfaninku ko suna biyan wani kaso, da yawa suna yi.

Tashoshin jirgin Jamus ba su da shingen duba tikiti, ka shiga kawai. Wannan ba ya nufin kyauta ne. Masu dubawa kan shigo ba zato, wani lokaci da kayan gida, kuma tarar ta kai Yuro 60. A wasu birane tikitin takarda sai an cusa shi a wata 'yar na'ura ta buga masa hatimi kafin ya zama halattacce.

Abu biyu ke rikita baƙo. Na farko sauyin dandamali minti kaɗan kafin jirgi ya iso: idan ka ga jama'a sun kwashi jakunkuna sun nufi matakala gaba ɗaya, ka duba allo. Na biyu, wasu jiragen kan rabu biyu a wata tasha, taragun gaba su nufi wani gari, na baya su nufi wani. Ka karanta sunan garin da ke jikin taragon da za ka shiga, ba na kan jirgin kaɗai ba. Jirage kan yi latti, don haka kada ka tsara sauyin jirgi na minti 5 ranar da za ka filin jirgin sama. Mai tikitin tafiya guda da ya isa da lattin minti 60 yana da haƙƙin a mayar masa da kashi 25 cikin 100 na kuɗinsa, lattin minti 120 kuma rabi.

Me ya fi ba wa sabon zuwa mamaki a harkar yau da kullum?

Lahadi. Kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgi, gidajen mai da wasu masu gasa burodi da safe. Wanda ya sauka daren Asabar bai yi cefane ba zai gane haka da safe. Ranakun hutu ma haka, kuma wasu sun bambanta daga jiha zuwa jiha cikin jihohi 16 na ƙasar.

A kanti mai karɓar kuɗi yana da saurin hannu, kuma kai za ka zuba kayanka a jakar da ka zo da ita. Dabarar ita ce ka mayar da komai cikin keken kanti, ka biya, ka koma gefe ka shirya a tsanake. Yawancin kwalaben roba da gwangwani na abin sha suna da ajiyar santi 25, wato kwatan Yuro, a kai, ana mayar da su a wata na'ura a bakin kanti ta ba ka rasit. Ruwan famfo lafiyayye ne, ana sha. Na kwalba kuwa da yawansa mai gas ne, a duba kafin a saya. Wanda ke da abin da ba ya ci ya haddace sunansa da Jamusanci, ya riƙa karanta bayan leda, domin doka ta wajabta a jera abin da ke ciki. Sannan ka riƙe 'yan kuɗi a hannu, har yanzu akwai ƙananan wuraren da ba sa karɓar kati.

Zama da baƙin mutane a gida ɗaya fa?

Rikicin gidan haɗaka bai cika wuce abu uku ba: wanke-wanke, shara da hayaniya. Yawancin gidaje suna da jadawalin shara da goge-goge a manne jikin firij, kuma ana ɗaukar sa da muhimmanci. Shara ana raba ta: takarda daban, ledoji da robobi daban, ragowar abinci daban, kwalabe bisa launinsu. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, ya kamata mai doguwar hira da 'yan gida ta waya ya sassauta murya. Ka dafa abinci ka gayyace su ko sau ɗaya a makon farko. Abokan zaman nan su ne za su karanta maka wasiƙar hukuma, su ara maka keke, su raka ka asibiti.

Da bizata zan iya leƙa wasu ƙasashe?

Za ka iya, cikin yankin Shengen. An sa hannu kan yarjejeniyar a 1985 a wani ƙauye mai wannan suna a Lukzambok, ta fara aiki a 1995, yanzu ƙasashe 29 ne a ciki. Mai bizar D ta Jamus yana iya ziyartar sauran har kwana 90 cikin kowane kwana 180, ziyara kawai ba aiki ba. Mai bizar gajeren zama ya duba abin da aka rubuta a jikinta, musamman yawan shiga da ƙasashen da ta shafa.

Kada ka haɗa Shengen da Tarayyar Turai, ba abu ɗaya ba ne. Siwizalan da Nowe suna cikin Shengen amma ba sa cikin Tarayyar. Ayalan tana cikin Tarayyar amma ba ta cikin Shengen. Birtaniya ba ta cikin ko ɗaya, bizarta daban. Kuɗi ma haka: Polan, Jamhuriyar Cek, Denmak da Siwizalan kowacce da nata, ba Yuro ba. Tun 2017 layin wayar ƙasar Tarayya yana aiki a sauran ba ƙarin caji, amma wannan doka ba ta shafi Siwizalan ba, ka kashe data kafin jirgi ya tsallaka.

Fasfo na ainihi za ka riƙe, ba hotonsa a waya ba. Tun Satumban 2024 Jamus ta faɗaɗa bincike zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda kan shiga bas ko jirgi su nemi takardu.

Game da jiragen sama masu araha, a yi lissafi da kyau. Filin jirgin Hahn yana ɗauke da sunan Frankfurt, amma tazararsa da birnin ta kai kusan kilomita 120. Idan ka haɗa kuɗin bas da na jaka, arahar ta gudu. Kuma ka dawo da yammacin Lahadi, ba asubar Litinin ba. Mai kula da kai yana ganin idon da bai yi barci ba, kuma shi ne zai rubuta maka takardar shaida.

Da ɗan kuɗi kaɗan, ina ka ga ya dace in je?

Ra'ayina, ka fara da garin da kake. Akwai masu zaga manyan birane biyar cikin wata guda, su dawo da hotuna, amma ba su san sunan titin bayan gidansu ba. Ka taka da ƙafa, ka riƙa duban ƙasa. A bakin ƙofofin gidaje da yawa za ka ga 'yan faranta na tagulla a dashe cikin daɓe, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da suna da shekarar haihuwa da ranar da aka kama mutum da inda aka kashe shi. Gunter Demnig ne ya fara dasa su a shekarun 1990, don tunawa da waɗanda gwamnatin Nazi ta kwashe daga waɗannan gidaje. Wani lokaci za ka ga huɗu ko biyar a jere da sunan iyali ɗaya, har da yara. Abin yakan tsayar da mutum.

Da tikitin wata kuwa, wurare da yawa ba sa buƙatar ƙarin ko santi. Jirgin yanki tsakanin Bingen da Koblenz yana bin gaɓar kogin Rhine, tsofaffin ganuwoyi a kan duwatsu hagu da dama, yankin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2002. A Kolon kana fitowa daga tasha babbar majami'ar nan ce a gabanka, tsayinta mita 157, an fara ginin ta a 1248 ba a kammala ba sai 1880. A Hamburg jiragen ruwan tashar na cikin sufurin gari, tikitinka ya isa. Daga Miyunik jirgin yanki yana kai ka har Salzburg ta Ostiriya. A Balin ka je titin Bernauer, inda aka bar wani yanki na katangar da ta raba birnin daga 1961 zuwa 1989. Wanda ya tsallaka Lukzambok kuma, sufurin jama'a kyauta ne a can tun 2020.

Idan na yi rashin lafiya fa?

Ka sanar da ofis da safiyar ranar, kafin lokacin fara aiki. Idan ciwon ya wuce kwana 3 doka ta nemi shaidar likita, wasu kamfanonin kuma tun ranar farko suke nema. Lambar gaggawa 112 ce, 'yan sanda 110, likitan da ke aiki da dare ko ƙarshen mako kuma 116117. Ko maganin ciwon kai sai a kantin magani, mai alamar jan harafin A. Mai shan magani kullum ya zo da takardar likitansa ɗauke da sunan sinadarin maganin.

Sanyi da kewar gida, yaya ake yi da su?

Duhu ya fi sanyi wahala. A Balin cikin Disamba hasken rana bai kai awa 8 ba, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi: ka shiga ofis da duhu, ka fito da duhu. A watan Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare take faɗuwa. Sanyi maganinsa sutura hawa-hawa da takalmin da ruwa ba ya shiga. Duhu kuwa maganinsa fita waje lokacin hutun rana, ko da na minti 20 ne.

Kewa ba ta cika zuwa a makon farko ba, lokacin komai sabo ne. Sai an natsu take sallama, galibi ranar Lahadi da gari ya yi tsit. Kiran gida yana da daɗi, amma wanda ya mayar da waya ɗakin zamansa zai gama horon bai san kowa ba. Ka samu abu ɗaya tsayayye a mako da zai haɗa ka da mutane, ƙwallo ne, darasin harshe ne, ko wurin ibada. Idan kuma abin ya kai ba ka barci, ba ka cin abinci, ka faɗa wa likita. Ba gazawa ba ce.

Akwai wariya?

Akwai, ba zan ɓoye maka ba. Wani zai gama zamansa bai ga komai ba sai alheri, wani kuma zai gamu da ita wajen neman ɗaki, ko a kallo, ko a baƙar magana cikin jirgi. Tun 2006 akwai dokar da ta haramta wariya a wurin aiki saboda launin fata, asali, addini ko jinsi, kuma akwai ofishin tarayya a Balin da ke ba da shawara kyauta. Idan abu ya faru a ofis, ka rubuta rana da lokaci da wanda ya shaida, ka kai wa mai kula da kai ko sashen ma'aikata. A titi kuwa tsira da lafiyarka ce gaba da mayar da martani.

An bar ni zaune ba aikin kirki. In yi shiru?

A'a. Sau da yawa ba mugunta ba ce, mai kula da kai ne aiki ya sha masa kai. Ka nemi minti 15 da shi, ka zo da shawara a hannu: ga abin da na iya, ga aikin da na ga ana yi a sashen nan, zan iya ɗaukar wannan ɓangare? Ka roƙi a bar ka ka zauna a taruka ko ka bi wani ma'aikaci yini guda. Idan makonni suka shuɗe ba canji, ka sanar da jami'arka ko ƙungiyar da ta turo ka, da yarjejeniyar horon a hannu.

Me zan kammala kafin in kamo hanyar gida?

Takardar shaidar horo ita ce gaba, kuma haƙƙinka ce. Ka neme ta makonni kafin ranar ƙarshe, ka ce kana son wadda ta bayyana ayyukan da ka yi da yadda ka yi su, ba mai kwanan wata kaɗai ba. Irin waɗannan takardu a Jamus suna da salon rubutu na musamman, inda jimlar da ke kama da yabo za ta iya nufin matsakaicin maki, don haka ka ba wa wani ɗan ƙasar da ka amince da shi ya karanta maka. Ka roƙi kwafin Turanci, ka kuma tambayi mai kula da kai ko zai yarda ka sa sunansa idan za ka nemi digiri na biyu.

Sauran kuwa: soke rajistar adireshi, tikitin wata, inshora, layin waya da kuɗin kafofin watsa labarai. Ranar miƙa makulli ku zaga ɗakin tare da mai gida, a rubuta halin da yake ciki, ku sa hannu, ka ɗauki hotuna. Kada ka kwana ko ɗaya bayan ƙarewar biza, yakan shafi wadda za ka nema gaba. Asusun banki kuma kada ka yi gaggawar rufe shi, domin mai gida yana iya riƙe kuɗin ajiya na wasu watanni kafin ya mayar, albashin ƙarshe ma wataƙila sai kana gida zai shigo.